Kumfa a Cikin Jini: Abin da Eko ke Nunawa Game da Hawan Jinin Jijiyar Ƙofar Hanta

Shugabannin kiwon lafiya na gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, likitoci, majoji, ungozomai, ma'aikatan labo, ɗalibai, iyayena da 'yan'uwana, barkanmu da wannan zama.

An nemi in yi bayani a kan wata dabarar duba hanta da na'urar eko, wadda ake yi wa maras lafiya allurar wasu ƙananan kumfa a jijiya, sannan a bi tafiyarsu cikin hanta da ido da agogo. Ina son dabarar nan, kuma ina fatan ganinta a jihar Tawa. Amma ina so mu tashi daga nan mun san tambayar da take amsawa da kyau, da wadda har yanzu take kame-kame a kanta, domin kuɗin talakanmu bai kai na gwaje-gwajen burgewa ba.

Kowa a ɗakin nan ya san mutumin da zan kwatanta. Namiji ne ɗan shekara 35 ko 40, manomi ko ɗan ci-rani da ya dawo gida. An kawo shi da dare a amalanke daga wani ƙauye na Tsernawa ko Tajaye, ya yi aman jini har ya cika tasa, jikinsa ya yi sanyi, idonsa ya yi fari fat. Dangi su ce ai lafiyarsa ƙalau, sai dai kwana biyu ke nan bayan gidansa baƙi ƙirin. Ka taɓa cikinsa, saifa ta sauko har kusa da cibiya, ga tsohon tabon tsagar wanzami a kanta. Ka ɗaura masa ma'aunin jini a hannu, ka tarar ƙasa ma ya yi. Hawan jinin da ya kawo shi yana can ciki, a wata jijiya da wannan ma'auni ba ya kai wa gare ta.

Jini na shiga hanta ta hanya biyu. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu yana zuwa ta jijiyar da ke ɗauko shi daga zuciya, mai bugawa. Sauran kashi uku yana zuwa ta jijiyar ƙofa, wadda ke tattaro jinin hanji da tumbi da saifa, ta shigar da shi hanta a tace. Gaba ɗaya wajen lita ɗaya da rabi ke ratsa hanta kowane minti, ya fita ta jijiyoyin hanta guda uku ya koma zuciya. Ga mai lafiya, bambancin matsi tsakanin mashiga da mafita ba ya wuce milimita 5 na zaiba. Idan hanta ta taurare, jini ya rasa hanya, matsin ya hau. Da ya kai 10, jini ya fara neman ɓarauniyar hanya, jijiyoyin ƙasan maƙoshi su kumbura, saifa ta girma, ruwa ya fara taruwa a ciki. Daga 12 zuwa sama ne waɗannan jijiyoyi ke fashewa. Ko a manyan asibitocin Turai, cikin masu irin wannan aman jini wajen mutum 15 zuwa 20 cikin ɗari suna rasuwa kafin mako shida.

Matsalar ita ce auna wannan matsi. Hanyar da aka amince da ita, a zura siririn bututu ta jijiyar wuya, a bi da shi ta zuciya har cikin jijiyar hanta, a hura ɗan balan-balan a bakinsa, a karanta. Aiki ne na ƙwararru, da ɗaki na musamman da hasken radiyo. Ko a ƙasashen masu hali ba kowane asibiti ke yinsa ba. Shi ya sa shekara da shekaru masana ke neman yadda za a gane matsin daga waje, ba tare da an huda wuyan kowa ba.

Me ke taurara hanta a wajenmu? Na farko, da nisa, ciwon hanta nau'in B. Nijar tana cikin ƙasashen da fiye da mutum 8 cikin ɗari ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma galibi tun ƙuruciya ake kamuwa: daga uwa lokacin haihuwa, ko tsakanin yara a gida, ko ta aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita. Rigakafinsa ya shiga jerin alluran yaranmu a 2008. Wanda aka haifa kafin nan, wato duk magidancin da ke riƙe da gida a yau, bai samu ba. Ƙwayar takan yi shiru shekara 20 ko 30 tana cin hanta, sai ta bayyana da sirozi, wato hanta ta cika da tabo ta ƙanƙance, ko kuma da kansa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ƙara wa wannan wuta mai, saboda gubar aflatoksin.

Na biyu tsargiya. A nan sai a yi hattara. Tsargiyar da muka fi sani a tabkunanmu da wuraren noman rani ita ce ta fitsarin jini, kuma ita mafitsara da ƙoda take ɓatawa. Mai toshe jijiyar ƙofa ita ce ta hanji, mansoni. A Nijar an san ta a yankin Gaya, daga baya kuma aka gano ta a Namarigungu, a kwarin kogin Isa. Amma mutanen jihar Tawa matafiya ne. Wanda ya yi shekaru yana aikin shinkafa a yammacin Kwaddibuwa ko kamun kifi a wani tabkin Najeriya yana iya dawo mana da ita a cikinsa. Kuma abin da ya faru a Rishar Tol ta Senegal ya isa gargaɗi ga duk mai madatsar ruwa: an gama madatsar Diyama a 1986, zuwa 1988 mansoni ta ɓarke a wurin da ba a san ta ba a da. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a ƙananan rassan jijiyar ƙofa, jiki ya yi ta gina tabo kewaye da su. Symmers ne ya kwatanta wannan tabo a Alƙahira a 1904. Ku riƙe wannan bambanci, za mu bukace shi: a sirozi naman hantar kansa ne ya lalace, a tsargiya kuwa toshewar tana bakin mashiga, naman hanta yana nan yana aikinsa.

Kafin kumfa, akwai eko na yau da kullum, kuma yana faɗin abu da yawa idan mai riƙe da shi ya san abin da yake nema. Maras lafiya ya zo bai ci abinci ba. A dubi fatar hanta, sumul take ko ta yi gudaji-gudaji. A auna faɗin jijiyar ƙofa. Idan ya wuce milimita 13, alama ce. A auna saifa. Fiye da santimita 12 ko 13 ta girma. A nemi ruwa a ciki ko kaɗan ne. A kunna Doppler a ga saurin jinin: idan ya faɗi ƙasa da santimita 15 a sakan, akwai magana, idan kuwa ya juya yana fita daga hanta maimakon shiga, magana ta ƙare. Abin alfahari ne gare mu cewa ƙa'idar da duniya ke bi wajen duba hantar mai tsargiya da eko a Yamai aka tsara ta, a wani taron masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa a watan Oktoba na 1996, aka buga ta a 2000. Ta kasa hoton hanta daga A zuwa F, daga lafiyayya zuwa wadda farin tabo ya miƙe daga tsakiya har gefe, kuma ta ce a auna jijiya da saifa gwargwadon tsawon mutum. A Brazil da Uganda da sunan Yamai ake kiranta. Ina so kowane ɗayanmu ya tambayi kansa ko akwai kwafinta a ɗakin eko na asibitinsa.

To, kumfar. A 1968, a Rochester ta Amurka, Gramiak da Shah suka lura cewa idan aka yi allurar wani ruwa cikin zuciya lokacin da ake duba ta da eko, wani farin gajimare yana bayyana a hoton. Ƙananan kumfan iska ne da ke cikin ruwan. Iska tana maido da amon na'ura fiye da jini nesa ba kusa ba. Sai dai waɗannan kumfa ba sa jimawa, kuma ba sa ƙetare huhu. An ɗauki shekaru kafin a ƙera masu ɓawo. Levovist ya fito a shekarun 1990. A 2001 Turai ta amince da SonoVue na kamfanin Bracco, wanda iskar cikinsa ba ta saurin narkewa a jini, ɓawonsa kuma na wani irin maiƙo ne. Japan ta fara amfani da Sonazoid a 2007. Kowace kumfa ba ta kai girman jar ƙwayar jini ba, don haka duk inda jini ya shiga tana shiga, amma ba ta fita daga jijiya. Ganinta ganin jini ne kai tsaye.

Ga yadda aikin yake a ɗaki. Kwalbar tana ɗauke da farin gari. A zuba mata mililita 5 na ruwan gishiri, a girgiza wajen sakan 20, ta koma fari kamar madara. An riga an sa wa maras lafiya kanula a hannun hagu, don kada mai allura ya tare wa mai dubawa hanya. Mai dubawa ya nemo wurin da yake so, ya mayar da na'ura kan tsarin kumfa, wanda ke rage ƙarfin amo ƙwarai don kada su fashe. Allon ya rabu biyu: gefe ɗaya hoton da aka saba, ɗaya gefen baƙi wuluk. A tura mililita 2.4 ko ƙasa da haka da sauri, a bi shi da ruwan gishiri, a danna agogo a daidai lokacin. Sakan goma na farko babu komai. Tsakanin sakan 10 da 20 sai ka ga wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan zinariya sun shigo ta jijiyar zuciya suna rarrabuwa. Wajen sakan 30 zuwa 45 jijiyar ƙofa ta cika, hanta duka ta haskaka. Bayan minti biyu an shiga zangon ƙarshe, haske ya riƙa dusashewa har minti biyar ko shida. Iskar tana fita ta numfashi cikin kusan kwatan awa. Ba ta bi ta ƙoda, babu hasken radiyo, kuma ana iya yinsa a bakin gadon wanda ba ya iya tashi. Mai sirozi ƙodarsa a bakin rami take, ruwan allurar sikana yana iya tura ta. Wannan kaɗai babban dalili ne na son kumfa.

Yanzu maganar agogo. Masu noman rani a Ƙonni sun san lissafin. Ruwa na tasowa daga madatsun Mozage da Zango a kan Magiya, ya zo Cerasa, ya shiga kanal ya rarrabu cikin gonaki. Idan ka jefa kara a mashiga, ka ga ya fito a mafita da wuri fiye da kima, ka san ruwan bai zaga gonaki ba, ya sami ɓaraka ya zarce. Haka hanta mai sirozi take. Tabo ya buɗe gajerun hanyoyi tsakanin jijiyoyin shiga da na fita, rabon jijiyar zuciya ya ƙaru, zuciyar kanta tana tura jini da gaggawa. Sai kumfa ta iso jijiyar fita da wuri.

A 1999 Albrecht da abokan aikinsa na asibitin Hammersmith a Landan suka buga wannan a mujallar Lancet. Da Levovist, ga masu lafiya kumfa ta kai wajen sakan 50 kafin ta iso jijiyar hanta, ga masu sirozi wajen sakan 18, kuma dukansu ƙasa da 24. A 2012 Kim da tawagarsa a Wonju ta Koriya ta Kudu suka gwada lokacin isowar da ainihin matsin da aka auna ta wuya, da SonoVue, suka ga cewa isowa kafin sakan 14 tana nuna matsin ya kai 10. A Jami'ar Thomas Jefferson ta Filadelfiya kuma, Forsberg da mutanensa sun bi wata hanya mai ban sha'awa: amon da kumfa ke maidowa yana sauyawa gwargwadon matsin ruwan da take ciki, don haka kumfar kanta ta zama ma'auni a cikin jijiya. Wannan yana matakin bincike.

A nan ne nake roƙonku natsuwa. Lokacin isowa yana sauyawa da saurin hannun mai allura, da ƙarfin zuciyar maras lafiya, da irin kumfa, da irin na'ura. Kun ga sakan 24 na Landan ya zama 14 a Koriya. Kansar da ta bazu zuwa hanta ita ma tana gajarta shi. Ga hantar da ta ƙanƙance, ga ruwa a ciki, wani lokaci jijiyar fitar ma ba ta ganuwa sosai. Saboda haka masanan da ke haɗuwa a Baveno ta Italiya don tsara ƙa'idojin wannan ciwo ba su ɗora hukuncinsu kan agogon kumfa ba. A taronsu na 2021 sun dogara da auna taurin hanta, irin wanda FibroScan ke yi, haɗe da yawan plaket, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare: tauri 25 ko fiye yana nuna matsi ya hau, 15 ko ƙasa tare da plaket 150,000 ko fiye yana kore shi.

Abin da ya fi damuna shi ne duk waɗannan lambobi daga masu sirozi aka samo su. Mai tsargiyar hanji toshewarsa tana gaban wurin da bututun wuya ke aunawa, har ma'aunin yakan nuna masa lafiya alhali jijiyoyin maƙoshinsa sun kusa fashewa. Naman hantarsa ma ba lallai ya yi taurin mai sirozi ba. Idan muka ɗauko sakan 14 muka ɗora masa, muna iya sallamar mutum da murmushi ya je gida ya yi aman jini. Kuma a wajenmu ba abin mamaki ba ne mutum ɗaya ya haɗa nau'in B da tsargiya.

Inda kumfa ba ta da na biyu wuri biyu ne, kuma duka biyun muna cin karo da su kullum. Na farko, ka duba jijiyar ƙofa ka tarar da wani abu ya toshe ta. Gudan jini ne, ko kansa ce ta kutsa cikin jijiya? A eko na yau da kullum kamanninsu ɗaya. Da kumfa, gudan jini yana zama baƙi daga farko har ƙarshe, domin babu jijiya a cikinsa. Kansa kuwa tana haskakawa tun sakannin farko, tare da jijiyar zuciya. Amsar tana fitowa kafin minti ɗaya, kuma ita ke raba hanya: wannan ana iya duba ba shi maganin tsinka jini, wancan kuwa ciwonsa ya yi nisa, kuma danginsa suna da haƙƙin jin gaskiya kafin su sayar da gona da shanu su nufi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 400, ko su ƙetara Sakkwato. Kumfa tana kuma nuna jijiyar da Doppler ya ce ta toshe alhali jini ne kawai ke tafiya a hankali ƙwarai.

Na biyu, ƙullutu. Mai sirozi ana so a duba hantarsa kowane wata shida. Ka ga ɗan ƙullutu na santimita 2, me za ka ce? Kansar hanta takan haskaka fiye da naman da ke kewaye da ita a zangon farko, sannan ta dusashe a hankali bayan minti ɗaya. Tarin jijiyoyi marar illa yana cika daga gefe zuwa tsakiya, ya riƙe haskensa. Ƙurji mai mugunya tsakiyarsa ba ta ɗaukar haske sam. Kansar da aka kama tana ƙarama ana iya yanke ta ko ƙone ta. Wadda muke gani yau galibi ta riga ta cika rabin ciki.

Game da haɗari: a Italiya, Piscaglia da Bolondi sun tattara gwaji sama da 23,000 a 2006, babu wanda ya mutu, kuma mummunar illa ba ta kai ɗaya cikin 10,000 ba. Duk da haka jiki yana iya ƙin maganin farat ɗaya. Kada a yi allurar sai da adrenalin da iskar oksijin a kusa, a kuma riƙe mutum rabin awa. Mai tsananin hawan jinin huhu ko mai wata huda a zuciya sai an yi shawara da likitan zuciya. Kwalbar ba ta bukatar firji, abin da ya dace da wutarmu, amma da an haɗa ta awa shida ne iyakarta. Tsadarta ta kai jaka gomomi, kuma ba kowace na'urar eko ke da tsarin kumfa ba. Duk asibitin da zai sayi sabuwa, ya tambayi wannan kafin ya sa hannu, don ƙara shi daga baya ya fi tsada.

Ga yadda nake ganin rabon aikin. A ƙananan cibiyoyin kiwon lafiya, wato CSI, majo ya yi gwajin nau'in B na gaggawa ga duk mai babbar saifa, da mai shawara, da kowace mai juna biyu, jaririn kuma ya sami allurarsa cikin awa 24 na haihuwa kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Ya tambayi ɗan ci-rani ruwan da ya shiga, ya ba da prazikwantel inda ya dace. Ya hana mai ciwon hanta diklofenak da ibuprofen na 'yan tebur, domin suna jawo zubar jini suna kashe ƙoda. A asibitocin gunduma na Ƙonni da Illela, da asibitin Galmi da ke karɓar jama'a tun 1950, a yi eko da Doppler da ƙirgen plaket yadda ya kamata, a rubuta lambobi, a daina rubuta "hanta ba lafiya" kawai. Wanda alamunsa suka nuna matsi ya hau, a fara masa propranolol ko karbedilol. Tun 1980 Lebrec ya nuna a Faransa cewa propranolol yana sauke matsin jijiyar ƙofa, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Mai nau'in B da ya cancanta ya hau tenofobir ya zauna a kai. A tura shi a zura masa kyamara ta baki, a ɗaure jijiyoyin da suka kumbura.

Kumfa kuma wuri ɗaya ya ishe mu da farko, a babban asibitin jiha da ke Tawa ko a wani asibiti na kan babbar hanya, da mutum biyu da suka koyi aikin sosai, da rana ɗaya a mako da za a tara masu bukata. Takardar turawa ta faɗi tambayar a fili: toshewar jijiyar ƙofa, gudan jini ko kansa, ƙullutu mai girman kaza a ɓangare kaza. Kuma tunda an riga an yi allurar, ba a asarar komai idan aka danna agogo aka rubuta sakan da kumfa ta shiga jijiyar zuciya, da na jijiyar ƙofa, da na jijiyar fita, a ajiye su gefe ɗaya da sakamakon nau'in B, da harafin Yamai, da abin da kyamara ta gani a maƙoshi. Rajista ɗaya mai layi takwas ta isa. Ɗalibanmu na likitanci da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga aiki nan: bayan 'yan shekaru za a iya duba rajistar a ga ko sakan 14 na Wonju yana aiki a kan mutumin Dogerawa da na Badagishiri, ko kuwa namu lambar daban ce.